AMIR ABDULƘADIR NA ALJERIYA: MUTUMIN DA YA BUƊE ƘOFARSA RANAR DA GARI KE CI DA WUTA

 

A taron ƙungiya da ya wuce, dattawa sun kawo kuka a kan samarinmu. Sun ce yara sun daina yarda da kowa. In baƙo ya sauka bakin rijiya neman ruwa, sai su ce ɗan leƙen asiri ne. In aka ce a taimaki wani, sai su ce duniyar yanzu ba ta mai tausayi ba ce. Mu da muke aikin koyarwa mun san inda abin ya fito. Kowane dare salula na kawo musu hoton gawa da ƙonannen gari, radiyo kuma da safe ya ƙara musu da lissafin waɗanda aka sace. A cikin ajinmu ma, wani yaro ɗan aji shida ya ɗaga hannu ya tambaye mu ko har yanzu da sauran mutanen kirki a duniya. Ba mu iya ba shi amsa nan take ba, domin tsoron da yake ji yana da tushe. An kashe mutum 137 rana ɗaya a yankin Tiliya cikin watan Maris na 2021. Ƴan bindiga sun hana mutanen kan iyaka barci a wajajen Madarunfa da Gidan Runji. Wanda ya ce wa yaro babu komai, ya yi masa ƙarya.

Mun yi wa yaron alkawarin za mu ba shi labarin wani mutum. Ga labarin nan mun rubuta, domin shi da iyayensa da yayyensa da ke bida. A makarantar horon malamai an koya mana sunan wannan mutum cikin jerin waɗanda suka yi tsayayya da nasara, kamar su Samori da Sarauniya Mangu da Kawusan. An gaya mana shekarar da ya ɗauki makami da shekarar da ya ajiye shi, daga nan aka juya shafi. Sai daga baya muka gane cewa babban aikinsa ya zo ne bayan ya ajiye makamin.

ASALINSA

An haifi Abdulƙadir a shekarar 1808 a wani ƙauye mai suna Getna, kusa da garin Maskara, a yammacin ƙasar Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa. Mahaifinsa Muhyiddin malami ne, shugaban zawiyar Ƙadiriyya, ɗariƙar da kakanninmu suka sani tun zamanin Shehu Usmanu. Mahaifiyarsa Lalla Zuhra mace ce mai karatu, abin da ba shi da yawa a wancan zamani. Gidansu gidan almajirai ne da baƙi. Matafiyi yana sauka a ba shi abinci da makwanci, ba a tambaye shi daga wace kabila ya fito ba. A cikin wannan gida yaron ya tashi. Ya haddace Alƙur'ani yana da shekara kamar 14, ya karanta fiƙihu da nahawu, ya kuma zama gwanin hawan doki.

Bai kai shekara 20 ba mahaifinsa ya tafi da shi aikin hajji. Tafiyar ta ɗauke su fiye da shekara biyu. Sun bi ta Masar, sun je Makka da Madina, sun zauna Dimashƙa babban birnin Sham, sun kai ziyara kabarin Shehu Abdulƙadir Jilani a Bagadaza. Ku ƴan bida kun san abin da tafiya ke yi wa mutum. Ya ga garuruwan da masallaci da majami'a ke unguwa ɗaya, ya ga Larabawa Kirista suna magana da harshen da yake magana da shi. Ya komo gida da niyyar zama malami irin mahaifinsa.

YAƘI DA FARANSA

Allah bai nufe shi da zaman zaure ba. A shekarar 1830 sojojin Faransa suka sauka bakin teku, suka ci birnin Aljer, suka kori Turkawan da ke mulkin ƙasar. Ƙasa ta rikice, kabila na kai wa kabila hari. Mutanen yamma suka je wurin Muhyiddin suka roƙe shi ya shugabance su. Ya ce ya tsufa, ya nuna musu ɗansa. Cikin watan Nuwamba na 1832 aka yi wa Abdulƙadir mubaya'a a ƙarƙashin wata itaciya a filin Garis, yana da shekara 24.

Shekara 15 ya yi yana gwabzawa da ƙasar da ta fi shi sojoji da bindigogi da jiragen ruwa. Ya fatattaki rundunar Faransa a Makta a 1835. Sau biyu suka ƙulla yarjejeniya da shi, a 1834 da 1837, suka amince masa da mulkin babban yanki na ƙasar. A lokacin da yaƙi ya lafa ya naɗa alƙalai da albashi, ya tsara zakka, ya buga kuɗi, ya kafa maƙerun bindiga, ya tara littattafai masu yawa. Shi kansa yana sa fararen tufafi marasa ado, yana cin abincin da sojojinsa ke ci.

Yaƙi ya sake tashi a 1839. Faransa ta aiko Janar Bugeaud da sabuwar dabara: tun da an kasa kama Amir, to, a hana talakawansa ci. Aka riƙa ƙona gonaki, ana sare itatuwan zaitun, ana tone rumbunan ƙasa, ana kore bisashe. A 1843 suka faɗa wa sansaninsa na tafi-da-gidanka, wanda gari ne guda na bukkokin fata da zane mai ɗauke da dubban mata da yara, littattafansa kuma suka watse. A 1845 wani hafsa mai suna Pélissier ya tarar da wata kabila ta ɓuya cikin kogo a tsaunukan Dahra, ya sa aka hura wuta a bakin kogon, ɗaruruwan maza da mata da yara suka mutu da hayaƙi. Dattawan da suka ji daga kakanninsu abin da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a Birnin Ƙonni da Lugu a 1899 ba su bukatar a fassara musu wannan irin yaƙi.

Mun kawo wannan ne domin samari su san cewa mutumin da muke magana a kansa bai tashi cikin zamani mai sanyi ba. Abin da ku ke gani a salula, shi da idonsa ya gani.

YADDA YA RIƘE FURSUNONI

A al'adar yaƙin wancan lokaci, mayaƙi yakan sare kan abokin gaba ya kawo a ba shi tukuici. Amir ya juya abin. Ya sa tukuici ga wanda ya kawo sojan Faransa da rai, ya sa horo ga wanda ya wulaƙanta shi. Fursunoni suna cin abin da sojojinsa ke ci. Matan da aka kama, mahaifiyarsa ce ke kula da su a kusa da ɗakinta. Ya hana a tilasta wa kowa barin addininsa. Akwai lokacin da abinci ya ƙare masa, sai ya saki fursunoninsa ba fansa, domin ba ya so su mutu da yunwa a hannunsa.

A 1841 babban limamin Kirista na Aljer, mai suna Dupuch, ya rubuto masa yana roƙon a saki wani mutum guda da matarsa ta zo tana kuka. Amir ya mayar masa da amsa cewa bai kamata mai addini ya roƙi sakin mutum ɗaya kaɗai ba, alhali akwai fursunoni da yawa a ɓangarorin biyu da iyalinsu ke kuka. A kan haka aka yi musayar fursunoni masu yawa cikin watan Mayu na wannan shekara, mutanen biyu kuma suka zama aminai har mutuwa ta raba.

Gaskiya ba ta yarda mu ɓoye wani abu ba. A 1846, lokacin da mutanensa ke gudun hijira a kan iyakar Maroko cikin yunwa, shi kuma yana can nesa wajen yaƙi, wakilinsa da ya bar wa sansani ya sa aka kashe fursunonin Faransa fiye da 200 cikin dare. Masu tarihi da yawa sun ce bai ba da umarnin ba, amma jinin ya zuba a sansaninsa, tabon kuma ya bi sunansa shekaru. Mun faɗi wannan domin kada yara su zaci mutanen kirki mala'iku ne, ko kuma duk wanda ke tare da mutumin kirki shi ma na kirki ne.

ALKAWARIN DA AKA SAƁA

A ƙarshen 1847 ƙarfi ya ƙare. Sarkin Maroko, wanda Faransa ta ci da yaƙi a 1844, ya juya masa baya. Amir ya duba matan da yaran da ke biye da shi, ya ga ci gaba da yaƙi ba zai ƙara musu komai ba sai kaburbura. Ranar 23 ga Disamba 1847 ya miƙa wuya ga Janar Lamoricière, bisa sharaɗin za a kai shi da iyalinsa Iskandariya ko Akka, su zauna cikin ƙasar Musulmi. Ɗan sarkin Faransa da kansa ya tabbatar masa da alkawarin.

Jirgin da ya ɗauke su bai nufi gabas ba. Faransa aka kai su, aka kulle su a Toulon, daga nan Pau, daga nan wani tsohon gidan sarauta a Amboise. Kusan shekara biyar suka yi a tsare. Sanyi da damshin ƙasar suka kama mutanen da suka saba da rana. Mutum 25 daga cikin jama'arsa suka rasu a Amboise, da yawansu ƙananan yara, aka binne su a lambun gidan. Duk wanda ya taɓa binne nasa a ƙasar da ba tasa ba ya san nauyin wannan.

To, a nan ma alheri bai ƙare ba. Mata masu hidimar majami'a suka riƙa jinyar matansa da yaransa. Dupuch ya rubuta ɗan littafi yana kira ga gwamnatinsa ta cika alkawari. Waɗansu hafsoshin da suka yaƙe shi suka ce an zubar da mutuncin Faransa. Ranar 16 ga Oktoba 1852 shugaban ƙasar, Louis-Napoléon, ya zo Amboise da kansa ya sake shi, aka yanka masa kuɗin ciyarwa na shekara-shekara. Da ya je Paris, waɗansu sojojin da suka taɓa zama fursunoninsa suka zo gaishe shi da godiya. Mutanen Amboise kuwa suka yi karo-karo suka gina alama a kan kaburburan Musulmin da suka mutu a garinsu.

Ya zauna garin Bursa a ƙasar Turkawa. Da girgizar ƙasa ta rushe garin a 1855, sai ya koma Dimashƙa, birnin da ya sani tun yana saurayi. Ya riƙa karantarwa a babban masallacin Banu Umayya. Aljeriyawa da yawa da suka yi hijira, cikinsu har da tsofaffin sojojinsa, suka zauna kewaye da shi.

WUTAR DIMASHƘA

Dimashƙa a lokacin tana ƙarƙashin sarkin Santambul. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, amma akwai Kirista masu yawa, Larabawa ƴan asalin garin tun kafin zuwan Musulunci. Shekara ɗaruruwa suna zaune tare. Abin da ya ɓata zaman yana da yawa. Yadin Turai mai araha ya cika kasuwa, masaƙa suka rasa abin yi. Waɗansu ƴan kasuwa Kirista suka yi arziki ta hulɗa da Turawa, har manyan gari suka zama masu cin bashi a wurinsu. A 1856 sarkin Santambul ya yi dokar daidaita Musulmi da wanda ba Musulmi ba, waɗansu suka ɗauke ta a matsayin ƙasƙanci. Ga talauci, ga hassada, ga tsoron Turawa. Ciyawa ta bushe, ashana kaɗai ake jira.

A watan Mayu na 1860 faɗa ya ɓarke a tsaunukan Labanan tsakanin Kirista da wata al'umma da ake kira Duruz. Aka kashe dubban mutane. Masu gudu suka kwararo Dimashƙa, jita-jita ta biyo su, kowane ɓangare yana jin ɗayan na shirya masa yanka. Amir ya hango abin da ke tafe. Ya je wurin gwamnan gari, Ahmad Pasha, ya gargaɗe shi. Ya yi magana da malamai da masu unguwa. Ya aika wa shugabannin Duruz takardu. Da ya ga gwamna ba shi da niyyar yin komai, sai ya nemi makamai ya shirya mutanensa, kimanin 1000.

Samari, ku lura da yadda wutar ta kama. Waɗansu yara ne suka riƙa zana gicciye a ƙasa a kan hanyar unguwar Kirista domin a taka. Gwamna ya sa aka kama su, aka sa musu mari, aka fito da su sharar titi a bainar jama'a. Ƴan uwansu suka taru suka ƙwace su. Kafin la'asar ta ranar 9 ga Yuli 1860, taron ya zama dubbai, ya faɗa unguwar Bab Tuma. Aka fasa gidaje, aka kwashe kaya, aka cinna wa majami'u wuta, aka kashe maza, aka sace mata. Sojojin gwamna suka tsaya kallo, waɗansunsu ma suka shiga wasoso. Kusan mako guda ana wannan ɓarna, dubban mutane suka mutu. Wasan yara ne ya buɗe ƙofar.

Amir yana da shekara 51 a lokacin. In da akwai mai hujjar rufe ƙofarsa a duk birnin, to shi ne. Masu sunan Kirista ne suka ƙona gonakin ƙasarsa, suka saɓa masa alkawari, suka sa ya binne yaran gidansa cikin sanyi. Ba wanda zai zarge shi in ya zauna ɗaki da carbinsa. Kuma baƙo ne a garin, masu iya magana kuwa sun ce idon baƙo ba ya ganin gari.

Ya fito. Shi da ƴaƴansa da tsofaffin sojojinsa suka shiga cikin hayaƙi, lungu-lungu, suna kiran Kirista su fito su biyo su. Suka ciro mutane daga cikin rijiyoyi da ɗakunan ajiya inda suka ɓuya. Suka je gidan mata masu hidimar majami'a suka fito da su da marayun da suke riƙo, suka sa su tsakiya, mayaƙa na gefe da gefe, har gidansa da ke unguwar Amara. Wakilan ƙasashen waje, har da na Faransar da ta ɗaure shi, a gidansa suka sami mafaka. Da gida ya cika, maƙwabta suka buɗe nasu. Ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya kawo masa Kirista da rai zai ba shi kurushi 50 na kuɗin Turkawa, ya zauna bakin ƙofa yana biya. Ta haka waɗansu da suka fito da niyyar kisa suka koma masu rakiya.

Da labari ya bazu, taron ya zo ƙofar gidansa yana neman ya miƙa mutanen. Suka tuna masa cewa shi ma ya kashe Kirista a ƙasarsa. Ya amsa musu cewa waɗanda ya yaƙa sojoji ne da suka zo cin ƙasarsa da makami a hannu, waɗannan kuwa maƙwabta ne da ba su ɗauki makami ba, shari'a ta haramta jininsu. Ya sanar da su cewa mutanen suna cikin amanarsa, ba mai taɓa su sai bayan ransa. Mayaƙansa suka tsaya bayansa. Taron ya yi ta hayaniya, daga baya ya watse. Daga nan ya riƙa rakiyar mutanen rukuni-rukuni zuwa ganuwar sojan gari, ya sa mutanensa su tsare su a can. Waɗanda suka tsira sun kai dubu goma ko fiye.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. A unguwar Midan, manyan Musulmin unguwa sun tsare Kiristan da ke zaune cikinsu, masu ɓarna ba su sami shiga ba. A wurare da dama na birnin, malamai da ƴan kasuwa da talakawa sun ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu. Yawancinsu ba a rubuta sunayensu ba. A rana guda, a gari guda, cikin masu salla a masallaci guda, an sami mai cinna wuta an kuma sami mai buɗe ƙofa.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Sarkin Santambul ya aiko wazirinsa Fu'ad Pasha ya yi shari'a. Aka kashe mutane da yawa daga cikin masu laifi, har da gwamnan da ya naɗe hannu. Aka sa wa gari tara domin sake gina unguwar da aka ƙona.

Amir kuwa, lambobin girma suka yi ta zuwa masa daga Faransa da Rasha da Girka da Santambul da Paparoma. Gwamnatin Amurka ta aiko masa kyautar bindigogi. A can Amurka ma akwai wani ƙaramin gari a jihar Iowa mai suna Elkader, wanda aka raɗa wa sunansa tun 1846, lokacin yana fagen yaƙi. Imam Shamil, wanda ya yi shekaru yana yaƙi da Rasha a tsaunukan Kaukasas, ya rubuto masa daga inda yake tsare yana yaba masa. Ga duk masu yabon, amsarsa ɗaya ce: bai yi komai ba sai abin da addininsa ya wajabta masa, da haƙƙin da ɗan Adam ke da shi a kan ɗan Adam.

Ya ƙarasa rayuwarsa cikin karatu da karantarwa. Ya halarci buɗe mashigin ruwa na Suwes a 1869. Ya rasu a Dimashƙa ranar 26 ga Mayu 1883, aka binne shi kusa da kabarin Shehu Ibnu Arabi. Bayan Aljeriya ta sami mulkin kai, aka ɗauko gawarsa a 1966 aka mayar da ita birnin Aljer. Allah ya jiƙansa.

ABIN DA MUKE SO SAMARI SU RIƘE

Na farko. A ce akwai salula a Dimashƙa a 1860, wane hoto zai iso ƙauyenmu? Hoton wuta da gawa. Ba wanda zai ɗauki hoton tsohuwar da ta ɓoye ƴar maƙwabta bayan randa, domin ita kanta ba ta so a sani. Mugunta tana da ƙara, alheri kuwa yakan yi aikinsa a ɓoye. Labarin da ke zuwa muku gaskiya ne, amma rabinsa ne. In kun ji an yi ɓarna a wani gari, ku tambaya har da wa ya buɗe ƙofa. Kusan kullum akwai shi.

Irin wannan mutum bai ƙare da zamanin Amir ba. A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na jihar Filato a Najeriya, wani tsohon limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye Kirista 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya gaban masu bindiga ya hana su shiga. A 2019 kuma, da dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako iyaka zuwa jihar Maraɗi suna gudun ƴan bindiga, kafin wata hukuma ta iso, talakawan ƙauyuka ne suka tarbe su, suka ba su ɗaki, suka raba hatsin da su kansu bai ishe su ba. Radiyo ya faɗi yawan masu gudu. Yawan masu tarba, Allah kaɗai ya ƙidaya su.

Na biyu. Laifin wani ba ya hawa kan wani. Amir ya bambanta sojan da ya ƙona gonarsa da masaƙin Dimashƙa da bai san komai ba. Yau in ɗan wata kabila ya ɗauki bindiga, sai mu ji ana zagin kabilar baki ɗaya, har mai tallan nono da ta shekara ashirin tana shigowa gidajenmu ta zama abin tsoro. Wannan hanya ce ta kai Dimashƙa ga toka. Tsaron gari wajibi ne, sa ido wajibi ne, kai rahoto ga maigari da hukuma wajibi ne. Amma zargin mutum saboda harshensa ko addininsa ba tsaro ba ne, ƙarin itace ne a wuta.

Na uku. Alherin Amir bai faɗo masa daga sama ranar 9 ga Yuli ba. Ya fara ne daga gidan da ake ciyar da baƙo. Ya saba da shi lokacin da ya ciyar da fursuna. Da babbar rana ta zo, hannunsa ya riga ya san aikin. Nan ne aikin dattawa yake. Yaron da ya ga ubansa ya kori mai neman ruwa, ba wa'azin da zai sa ya tsaya wa maƙwabci ranar tashin hankali. Ku da ke bida kuma, kowannenku yana da labarin wani wanda ba danginsa ba, ba addininsa ba, da ya ba shi makwanci a tasha ko ya kai shi likita a baƙon gari. In kun komo gida da damana, ku ba yara wannan labari, kada ku tsaya ga labarin ɓarayi da ƴan sandan hanya kaɗai.

Na huɗu. Ku tuna cewa yara ne suka zana gicciye a ƙasa, jita-jita kuma ta ƙarasa sauran. Saƙon da ya shigo salularka yana zuga ka a kan wasu mutane, kafin ka tura wa wani, ka tambayi kanka wa ya gani da idonsa, kuma gidan wa zai ƙone in ƙarya ce.

Ga yaronmu na aji shida, ga amsarka. Akwai mutanen kirki, kuma ba su taɓa ƙarewa ba, ko a ranar da gari ke ci da wuta. Waɗansunsu suna nan cikin unguwarku, ba ka san su ba ne domin ranar gwajinsu ba ta zo ba. Muna roƙon Allah kada ya kawo mana irin wannan rana. In kuwa ta zo, muna fatan a same ka cikin masu buɗe ƙofa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a fada bayan sallar isha'i. Wanda ya gama ya miƙa wa na kusa da shi, domin takardun da muka buga ba su da yawa. Allah ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, ya ba mu damana mai albarka, ya maido da ƴan bida gida lafiya. Amin.